Gyaran tsohon gidan Kiriyol a New Orleans: littafin aiki

13 ga Janairu, 2024

Yau muka karɓi makulli. Gidan yana birnin New Orleans na jihar Luwiziyana a Amurka, a unguwar Faubourg Marigny, gaba kaɗan da tsohuwar unguwar Faransawa in ka bi gangaren kogin Misisifi. Na ƙudura zan riƙa rubuta yadda aikin ke tafiya, ko yaran nan sa karanta wata rana, ko wani ɗan'uwa da zai sayi tsohon gida a ƙasar nan ya samu abin da zai rage masa wahala.

Irin ƙananan gidajen nan ne da ake kira gidan Kiriyol, wato na zuriyar waɗanda suka zauna Luwiziyana tun zamanin mulkin Faransawa da Sifaniyawa. Ba shi da fili a gaba. Bangonsa a bakin hanyar masu tafiya da ƙafa yake, kana saukowa daga matakala biyu ka shiga titi. A fuskarsa akwai ƙofa biyu da taga biyu, dogaye, kowacce da ƙyauren katako ta waje. Rufin mai gangara biyu ne, a tsaye sosai, kuma doronsa ya bi layin titi, don haka ruwa gaba da baya yake zuba, ba ya zuba wa maƙwabta. Ciki ɗaki huɗu, biyu gaba biyu baya, kowanne faɗinsa da tsawonsa kusan ɗaya, wajen ƙafa 14. Babu wata hanya da ta ratsa tsakiya, daga ɗaki sai ɗaki. Ta baya akwai ƙananan ɗakuna biyu a kusurwoyi, waɗanda ake kira kabine da Faransanci, da baranda a tsakaninsu mai kallon tsakar gida. Cikin kabine ɗaya akwai siririyar matakala mai murɗewa da ke kaiwa ɗakin ƙarƙashin rufi.

Haka magina suka bar shi. Waɗanda suka zo bayansu sun toshe barandar sun mai da ita banɗaki, sun sauko da silin, sun shafe bangon waje da siminti. Ko'ina warin danshi yake.

Uwargida ta zaga ɗakunan sau biyu, ta tsaya a ƙofar titi ta ce, "Malam, ina zaure? Baƙo yana sallama sai ya gan mu?" Ban ba ta amsa ba don ba ni da ita tukuna.

3 ga Fabrairu

Na ɓare simintin bangon gefe, wajen kamu biyu, daga ƙasa. Abin da na gani ya hana ni barci.

Ginin irin wanda Faransawa ke kira birket antir poto ne, wato bulo tsakanin ginshiƙai. Ana kafa firam na katako mai kauri, ginshiƙai a tsaye da wasu a karkace don tokare su, sannan a cike tsakaninsu da jan bulo. Katakon ne ke ɗauke da nauyin gida, bulon cikon ciki ne kawai. Wanda yake son ganin irinsa a fili ya je lamba 941 a titin Bourbon, tsohon ginin da ake kira maƙerar Lafitte, inda filasta ta zube a wurare har ana ganin katako da bulo daga titi. A karkarar Luwiziyana ma ba bulo suke sawa ba, laka suke kwaɓawa da wata ciyawa mai zare-zare da ke rataye a jikin bishiyoyi, su cusa tsakanin ginshiƙai. Busiyaj suke ce masa. Da na fara ganin hotonsa na ce ai wannan ƙasa da ramno ne irin namu.

Bulon nan da lakar bakin kogi aka yi shi, ba a gasa shi ya yi ƙarfi ba. Da farce ma kana iya kankare shi. Yana shan ruwa kamar soso, kuma ƙasar garin nan in ka haƙa kaɗan sai ruwa. To tun asali an san zai sha ruwa daga ƙasa, shi ya sa aka yaɓe shi da farar ƙasa mai laushi wadda danshi ke ratsawa ya fita. Da aka zo aka lulluɓe shi da siminti, ruwan ya ci gaba da hawa amma ya rasa mafita. Bulon ƙasa-ƙasa ya zama gari, ina ɗiba da hannu. Gindin ginshiƙai uku ya ruɓe.

Na kira Baba a Zariya ta bidiyo na haska masa. Shekara fiye da arba'in ya yi yana ginin ƙasa. Bai bari na gama bayani ba ya ce, "Kai, an sa masa siminti ko? Haka suka kashe mana soraye a cikin birni. Bango yana numfashi. In ka toshe masa hanci, ta ciki zai ruɓe, waje yana sheƙi." Na tuna gidajen da na gani ina yaro, waɗanda aka daina yi musu yaɓe da makuba aka shafa siminti don a huta, bayan damina kaɗan sai ka ga ɓawon simintin ya rabu da bango ya faɗo gaba ɗaya, ƙasar da ke bayansa jiƙe sharkaf. Ban taɓa zaton zan haye teku in tarar da ciwo iri ɗaya ba.

Shawara ta yanke. Duk simintin zai sauka.

20 ga Fabrairu

Makon jiya bikin Mardi Gras ya tsayar da komai a unguwar, mota ma ba ta shiga. Da gari ya lafa na je ma'ajiyar takardun notare ta birnin, inda ake ajiye takardun cinikin filaye da gidaje tun zamanin Faransawa da Sifaniyawa. Akwai zane-zanen gidaje masu launi da aka yi a ƙarni na 19 don tallan gwanjo, kowanne da fuskar gida da tsarin ɗakunansa. Na ga da yawa masu kama da namu sak. Bin takardun filinmu ya nuna gidan na shekarun 1830 ne.

Abin da na fahimta game da asalin irin ginin nan shi ne wuta ce ta fara gyara masa hanya. Ranar 21 ga Maris 1788 gobara ta cinye gini 856 a birnin, a Disambar 1794 wata ta ƙara cinye 212. Sifaniyawa ne ke mulki a lokacin, sai suka tsaurara dokar gini a tsakiyar gari: a yi da bulo, katakon da ke jikin bango a rufe shi da filasta, rufi a bar na katako a koma wanda wuta ba ta ci. Bayan Amurka ta sayi Luwiziyana a 1803, Bernard de Marigny ya yanka gonarsa filaye-filaye ya sayar, unguwar nan ta samu sunansa. A 1809 kuma mutum wajen dubu 10 suka iso daga Kuba, 'yan gudun hijirar juyin juya halin Haiti, Turawa da baƙaƙe 'yantattu da bayi. Jama'a ta kusan ninkawa, kowa na neman wurin zama. Ƙananan gidajen nan suka cika unguwannin Marigny da Tremé har zuwa wajen 1850.

Da yawa daga maginan baƙaƙe ne 'yantattu masu jin Faransanci. Ɗaya daga cikinsu, Jean-Louis Dolliole, gidan da ya gina yana nan tsaye a titin Pauger, tafiyar 'yan mintoci daga ƙofarmu. Waɗanda suka sare itacen a fadama, suka buga bulon, akasarinsu bayi ne, kuma ba a rubuta sunayensu a kan komai ba sai a takardun ciniki. Na daɗe a zaune da wannan tunanin. A shekarun da ake ɗora ginshiƙan gidan nan, Babban Gwani yana gina masallacin Juma'a na Zariya, zamanin Sarki Abdulkarim.

16 ga Maris

Azumi ya kama tun Litinin. Takardar izini ta fito daga HDLC, hukumar da ke kula da tsofaffin unguwanni. Duk abin da ake gani daga titi sai da amincewarsu, kuma sun yarda da sauke siminti da mai da farar ƙasa.

Da guduma da kurfi nake ɓarewa, a hankali, don inji zai tafi da fuskar bulon. Bayan asuba zuwa ƙarfe goma sha ɗaya nake yi, sannan in tafi wurin aikina. Fentin ƙyamaren yana da dalma, kamar yawancin gidajen da aka yi wa fenti kafin a hana shi a 1978, saboda haka yara ba sa zuwa wurin sam, ni kuma kayan aikina a can nake barinsu.

20 ga Afrilu

An yi salla lafiya. Wannan makon kafinta ya zo da yaransa biyu muka ɗaga gefen gidan da jak, kaɗan-kaɗan, kwana uku, don kada filastar ciki ta tsattsage. Babban katakon da ke kwance kan harsashin bulo, wanda ginshiƙai ke zaune a kansa, ya ruɓe tsawon ƙafa 11. Sauran lafiya lau, bayan shekara kusan 190.

Itacen saifires ne na fadamun Luwiziyana. Kafintan ya hana ni sayen sabo. Ya ce wanda ake sarewa yanzu ƙaramin itace ne, bai yi shekarun da zai tara man da ke kare shi daga ruɓa ba. Manyan dazuzzukan an gama da su tun ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20. Muka je wurin masu sayar da kayan rusassun gidaje muka samo tsoho. Da ya yanka shi sai ga zoben shekarunsa a matse kamar zaren saƙa. Wannan ma Baba zai gane shi, don ba kowace giginya ake yin azara da ita ba.

Bai cire katakon duka ba. Ya yanke ruɓaɓɓen wurin a karkace, ya fere sabon ya shiga cikin tsohon, ya ɗaure su da turakun katako. Kafin a sauke gidan muka shimfiɗa fallayen dutsen silet tsakanin bulo da katako don rage hawan danshi.

Na hau ɗakin ƙarƙashin rufi da tocila. Babu ƙusa a manyan mahaɗai, huda ce da harshe da turaku. A kowace mahaɗa an sassaƙa lamba irin ta Rumawa, VI a jikin wannan, VI a jikin abokinsa. A ƙasa aka fere su aka gwada, aka yi musu alama, sannan aka hau da su. Na sa yatsa cikin sassaƙar. Bakin kurfin mutumin yana nan kamar jiya ya yi.

14 ga Mayu

Jiya da magariba gara ta tashi. Duk shekara haka take yi a tsakiyar Mayu, masu fiffike su fito dubbai su rufe fitilun titi, mutanen unguwa su kashe wutar gidajensu su zauna cikin duhu har su wuce. Kamar shinge a farkon damina, sai dai wannan ba abin murna ba ce. Garar Formosa ce, wadda ta shigo ta jiragen ruwa bayan yaƙin duniya na biyu. Bambancinta da garar da aka saba da ita a nan shi ne tana iya yin gida a cikin bango, sama da ƙasa, muddin akwai danshi.

Na ga suna fitowa daga bangon banɗakin da aka yi a baranda. Da safe muka buɗe, sai ga gidansu kamar ƙwallo bayan bututun ruwa mai yoyo. Sabon katakon da aka sa lokacin toshe barandar sun cinye shi ya zama takarda. Tsohon saifires da ke gefensa sun ɗan taɓa shi sun bari. Masu maganin gara sun zo sun binne tarkuna kewaye da gidan. Banɗakin dai zai tashi daga nan, dama ina neman dalili.

29 ga Yuni

Wannan watan na farar ƙasa ne, kuma a nan na fi koyon abu.

Mai filastar dattijo ne ɗan unguwar Seventh Ward, ya haura saba'in, a hannun mahaifinsa ya koya, shi ma a hannun nasa. Sana'ar gado ce a tsakanin Kiriyol baƙaƙe na unguwar. Marigayi Earl Barthé, wanda gwamnatin Amurka ta karrama a 2005 saboda gwanintar filasta, daga cikinsu ya fito. Dattijon ba ya hawa tsani yanzu. Kujera yake sawa a inuwa yana kallon hannuna.

Mun fara da cike tsakanin bulo. Bulon da ya mutu muka maye shi da tsoho mai laushi irinsa, don sabon bulo mai tauri zai tura ruwa ga maƙwabtansa. Kwaɓin farar ƙasa ne da yashi mai kaifi, ba ko cokali ɗaya na siminti. Yaɓen hawa uku ne: na farko da gashin dabba a ciki don ya kama, a karce shi da tsinke, na biyu ya daidaita bango, na uku siriri.

Na yi kuskure a bangon yamma. Dattijo bai zo ba ranar, ni kuma ina ganin na iya, na yi hawan farko da hantsi na tafi. Rana ta buge shi duk yamma. Washegari ya tsattsage kamar ƙasan tafki a bazara, in ka ƙwanƙwasa sai ya yi ƙarar ƙwarya. Da dattijo ya zo ya shafa da tafin hannu ya ce, "Ɗana, ba bushewa ake so ya yi ba. Iska yake sha ya koma dutse, kuma sai da laima yake iya sha." Ya bayyana mini cewa farar ƙasa dutse ce aka ƙona, tana jan iskar kabon daga sarari a hankali har ta koma dutsen da take tun farko. In ruwan ya gudu da wuri, aikin ya tsaya a rabi. Na sauke kwana biyu na aiki da hannuna. Yanzu muna jiƙa bulo kafin yaɓe, mu rataya buhunan algarara jiƙaƙƙu a gaban bango, ina fesa musu ruwa safe da yamma. Tsakanin hawa da hawa mako guda ko fiye.

Na ba Baba labari ya yi dariyar jin daɗi, ya ce ko yaɓen ƙasa ba a yi wa gaggawa, sai an bar kwaɓi ya kwana ya ruɓa. Ya ce in gaishe masa da dattijon, in ce masa abokin sana'arsa na gaishe shi. Na isar. Dattijo ya cire hula ya riƙe a ƙirji.

3 ga Agusta

Banɗaki ya koma cikin kabine na hagu. Baranda ta buɗe, silin ɗin da aka sauko da shi ya fita, ɗakuna sun koma tsayinsu na ƙafa 11. Sai yanzu na gane abin da ya sa babu hanya a tsakiya. Ƙofofin a jere suke, ta titi tana kallon ta tsakiya, ta tsakiya tana kallon ta baranda. Na buɗe su duka da la'asar, a zafin Agusta mai ɗauke numfashi, iska ta ratsa gidan har takardun da ke kan benci suka tashi. Ba zan ce za mu zauna ba na'urar sanyaya ɗaki ba. Amma warin danshin nan ya tafi.

12 ga Satumba

Guguwar Francine ta sauka jiya da yamma a gundumar Terrebonne, kudu maso yamma da mu, ta zubo wa birnin ruwa mai yawa cikin dare. Wuta ta ɗauke. Alhamdu lillahi, unguwarmu tana kan tudun bakin kogi, wanda ko a guguwar Katrina ta 2005 ruwa bai yi masa irin ɓarnar da ya yi wa sauran gari ba.

Ƙyamaren da muka gyara sun yi aikinsu. Falanki ne a tsaye, an ɗaure su da wasu a kwance ta ciki, suna rataye da dogayen maɗaurai na ƙarfe da maƙeri ya buga. Na rufe su na sa sakata, ban nemi katakon toshe taga ba kamar maƙwabta. 'Yar rumfar da ta fito daga bakin rufi ta rufe hanyar masu ƙafa, wadda ake kira abavan, tana zaune kan sandunan ƙarfe, ita ta kare sabon yaɓen gaba; ruwa bai taɓa rabinsa na sama ba. A da ina ɗaukarta ado ce.

Inda muka samu matsala tagar rufi ce ta dama. Ruwa ya shiga ta gefenta ya jiƙa silin ɗin ɗakin gaba. Fallen dalmar da ke tsakanin tagar da silet ɗin rufi ya tsage. Na sa roba na rufe kafin mai rufi ya samu lokaci, yanzu kowa nemansa yake.

16 ga Nuwamba

Bututun hayaƙi biyu ne, kowanne yana ɗauke da murhu biyu da suka juya wa juna baya, ɗaki da ɗaki. An gyara kawunansu da farar ƙasa. Ba za mu hura wuta a ciki ba, amma na hana a toshe su gaba ɗaya, an sa musu hula da raga don iska ta riƙa zagawa. Allon katakon da ya naɗe murhun ta gefe uku, da muka kankare fenti hawa-hawa, sai ga 'yan ginshiƙai sirara da aka sassaƙa da hannu.

Maganar zaure ta warware, kuma uwargida ce ta warware ta. Gidajen nan da yawa an yi su ne don iyali biyu, kowa da ƙofarsa ta titi da ɗakuna biyu, shi ya sa ƙofofin gaba suke biyu. Ta ce, "Malam, ka ba baƙi ƙofar dama da ɗakin da ke bayanta. Mu mu riƙa shiga ta hagu. Ƙofar da ke tsakani a sa labule mai kauri." Ba a rushe komai ba, ba a ƙara bango ba, iska kuma za ta ci gaba da wucewa in an ɗage labulen. Ranar Juma'a abokaina uku suka zo, suka yi sallama a ƙofar dama, muka zauna kan darduma a ɗakin da ko fenti babu, aka miƙo shayi ta bayan labule.

23 ga Janairu, 2025

Shekaranjiya dusar ƙanƙara ta sauka a New Orleans, inci 8 a filin jirgin sama, wasu wurare fiye da haka. Tsofaffin unguwa sun ce ba su taɓa ganin irinta ba. Yara sun yi murna. Ni hankalina yana kan bangon baya, don kwana tara kacal da na yi masa hawa na uku. Dattijo ya gargaɗe ni tun Disamba cewa kada in taɓa farar ƙasa in sanyi ya kusa, na ga rana ta yi kyau na yi. Na lulluɓe shi da barguna da tamfol, amma kusurwar da ke kusa da kabine ta daskare. Yau da na shafa, fuskar tana zubowa kamar garin rogo. Wajen kamu huɗu ne. Sauran bangon da aka yi tun bazara ko gezau.

15 ga Fabrairu

Na kankare wurin da ya lalace na bar shi a buɗe sai sanyi ya wuce. Na auna danshin bangon gefe, inda na fara ɓarewa bara, ya sauka sosai, bulon ya koma ja mai haske, gishirin da ya fito a fuskarsa na share da buroshi sau biyu bai dawo ba.

Abin da ya rage: gyaran kusurwar baya, shafen farar ƙasa mai ruwa hawa huɗu a waje duka, daɓen katakon ɗakunan baya, da matakalar kabine da tsaninta biyu ke motsi. Uwargida tana son launin ƙasa-ƙasa mai ɗan ja, irin na soron gidansu. Dattijo ya ce akwai garin launi na ƙasa da ake zubawa cikin farar ƙasa, kuma tsofaffin gidajen unguwar da yawa da irin wannan launin aka san su. Zai kawo kala uku ranar Asabar mu gwada a bangon baranda, mu bar su mako guda, don sai sun bushe ake ganin ainihin launinsu. Muna fatan tarewa kafin azumi ya raba, in Allah ya yarda.